Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Makonni Uku a Kan Ƙwayar Gansakuka Ɗaya

A ɗigon ruwa na huɗu da na ɗora a kan gilashi a daren nan ne na gan ta. Ruwan na ɗebo shi ne daga wani ƙaramin kududdufi a tsakiyar fadama, wanda ruɓaɓɓun tsirrai da suka daɗe a ƙasansa suka rina shi ya yi ja-ja-ja, kuma ɗigo ukun farko ba su nuna mini komai ba sai tarkacen ganye da 'yan ƙananan halittu masu iyo da ke gilmawa da sauri. Da na matsar da gilashin kaɗan a ƙarƙashin maikuroskof, wanda wasu ke kira madubin likita, sai ga wani koren faifai kwance, kusan zagayayye, an tsattsaga bakinsa daki-daki kamar da almakashi, wata tsaga mai zurfi kuma ta raba shi gida biyu daidai wa daida, ba abin da ya haɗa gidajen sai ɗan siririn ƙugu a tsakiya. A ƙarshen kowane ɗan reshe na bakin faifan akwai ƙayoyi biyu sirara, wasu a miƙe, wasu sun ɗan lanƙwasa. Na daɗe ina kallonta ban taɓa komai ba, domin duk wanda ya saba duba ruwan fadama ya san cewa ba kowace rana ake haɗuwa da irin wannan ba.

Kalmar gansakuka a bakinmu tana da faɗi ƙwarai, domin ta haɗa koren zaren da ke yawo a kan ruwa, da laushin da ke fitowa a jikin dutse mai damshi, da koren launin da ke rina ruwan da ya daɗe a tsaye. Wadda nake magana a kanta ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, mai zaman kanta, daga rukunin da masana ke kira desmid, sunan da aka samo daga kalmar Girkanci mai nufin ɗauri ko sarƙa. Alamar da aka fi sanin yawancinsu da ita ita ce wannan rabuwa gida biyu, inda cibiyar ƙwayar take zaune a ƙugu, kowane gida kuma yana ɗauke da jakar koren launinsa da yake sarrafa hasken rana da ita. A ruwa mai daɗi suke rayuwa, sun kuma fi yawa da bambancin iri a ruwa mai ɗan tsami wanda ba shi da yawan sinadaran taki. Binciken ƙwayoyin gado na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa babban rukunin da suke ciki, tare da zaren Spirogyra, shi ne mafi kusancin dangantaka da tsirran doron ƙasa a cikin dukkan gansakuka. Jinsin tawa, wato babban dangin da ya haɗa nau'o'i masu kama da juna, bai ba ni wahala ba, domin faifai mai faɗi da tsagaggen baki irin wannan na Micrasterias ne, wato ƙaramin tauraro. Wahalar tana wajen nau'i, kuma a nan ne na shafe makonni uku.

Tun a daren farko zuciyata ta riga ta zaɓi sunan da take so, wato Micrasterias apiculata, nau'in da ba a cika samunsa ba a wurare da yawa, wanda kuma na daɗe ina marmarin gani da idona. Ƙayoyin da na gani su ne suka ja ni zuwa gare shi. Na ambaci wannan ne saboda ina ganin shi ne babban haɗarin wannan aiki, ya ma fi haɗarin rashin na'ura mai kyau ko rashin littafi. Idan mutum ya riga ya sa wa abu suna a ransa, idonsa zai riƙa tattaro masa duk abin da ya dace da sunan yana tsallake wanda bai dace ba, kuma ba da niyyar yaudara yake yin haka ba. Saboda haka ƙa'idar da nake bi ita ce in fara da sunan da ya fi yawa a irin ruwan, in tilasta wa kaina kawo hujjar da za ta kore shi, sannan in matsa zuwa na gaba. Nau'in da ba a cika gani ba shi ne na ƙarshe da ya kamata a isa gare shi, bayan duk sauran ƙofofi sun rufe.

Abu na farko shi ne awo. A cikin gilashin da ake sa ido a kansa akwai ɗan ma'auni mai layuka, amma layukan ba su da ma'ana sai an gwada su da wani gilashi na musamman da aka zana milimita ɗaya a kansa aka raba ta kashi 100, kowane kashi maikuromita 10 ke nan. Dole ne a yi wannan gwaji ga kowane ruwan tabarau na na'urar daban, domin layin da yake daidai da maikuromita 10 a ƙaramin ƙarfi zai koma kusan 2.5 idan aka ninka ƙarfin sau huɗu. Ƙwayata ta ba ni tsawon maikuromita 242 da faɗin 218, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba. A duniyar desmid wannan ƙatuwa ce, har mai kaifin ido yana iya hango ta kamar ɗigon kore idan ya ɗaga kwalbar zuwa haske. Sai dai awon bai raba gardama ba, domin manyan nau'o'in Micrasterias da dama suna faɗawa cikin wannan zango, kuma girmansu yana shiga na juna. Amfanin da ya yi mini shi ne ya kore ƙananan nau'o'i gaba ɗaya, ya bar ni da 'yan kaɗan.

Na farko a cikin waɗanda suka rage shi ne Micrasterias rotata, wanda yake cikin manyan da aka fi haɗuwa da su a ruwa mai tsami. Fasalinsa gaba ɗaya ya yi kama da tawa ƙwarai: reshen ƙoli guda ɗaya da ke ɗan leƙowa sama da sauran, da rassan gefe da suka rarrabu sau da yawa har suka kai baki. Amma ƙananan rassansa suna ƙarewa ne da gajerun haƙora, kamar an ɗan gutsure bakin, ba da dogayen ƙayoyi sirara ba, fuskarsa kuma ba ta da ƙaya. Na zana bakin ƙwayata da fensir, reshe bayan reshe, domin zane yana tilasta wa ido ya ƙirga abin da hoto yake bari a wuce shi, kuma da na gama na gamsu cewa abin da ke gabana ƙayoyi ne na gaske. Ƙofar farko ta rufe.

A nan wani abu ya kusa ɓatar da ni, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Washegari na sami ƙwaya ta biyu a cikin kwalbar, amma gida ɗaya yana da ƙayoyi cikakku, ɗayan kuwa ya fi ƙanƙanta, launinsa ya fi haske, rassansa dunƙulallu ne ba ƙaya ko ɗaya. Wanda bai san yadda desmid ke hayayyafa ba zai iya zaton ya gano wani sabon abu. Gaskiyar ita ce, idan ƙwayar za ta rabu, ƙugun ne yake tsawaita, bango ya ratsa tsakiyarsa, sannan kowane tsohon gida ya fara tsiro da sabon gida daga wurin rabuwar. Sabon yana farawa ne kamar ƙullutu, ya kumbura, ya fara fitar da rassa ɗaya bayan ɗaya, sai bayan sa'o'i da dama yake kammala kamannin tsohon. Ma'anar wannan ita ce kowace ƙwaya rabinta tsoho ne rabinta sabo, kuma ba a yanke hukunci da gidan da bai gama girma ba. Akwai kuma ƙwayoyin da wani cikas ya same su lokacin girma suka fito da nakasa, reshe ya ɓace ko ya ninku, kuma a jinsin Staurastrum har akan ga ƙwaya ɗaya mai hannuwa uku a gida ɗaya da huɗu a ɗayan. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwaya ɗaya, komai kyanta, ba ta isa hujja ba. Ana bukatar a ga jama'arta, a auna goma ko ashirin, a san abin da yake tabbatacce a jikinsu duka da abin da yake sauyawa daga wannan zuwa waccan.

Domin in sami jama'ar, sai na koma kududdufin. Desmid ba su cika yawo a sararin ruwa ba, sun fi zama maƙale a jikin tsirran cikin ruwa ko a saman laka, saboda haka jan raga a tsakiyar ruwa ba ya kawo da yawa. Abin da ya fi amfani shi ne a cafko dunƙulen tsiron fadama mai laushi da ake kira Sphagnum, a bar ruwan farko ya tsiyaye, sannan a matse shi a hankali cikin kwalba mai faɗin baki. Ruwan da ya fito yakan yi duhu da datti, amma a cikinsa dukiyar take. A gida na zuba shi a faranti marar zurfi na ajiye kusa da taga inda rana ba ta bugawa kai tsaye. Waɗannan halittu ba su da wutsiyar iyo, amma suna fitar da yauƙi ta ƙananan ƙofofin bangonsu, yauƙin yana tura su sannu a hankali zuwa wajen haske, har bayan kwana ɗaya ko biyu a ga ɗan koren fenti ya taru a saman lakar. Daga wannan fentin na tsotso da ɗan bututu, na kuwa sami ƙwayoyi 14 cikakku, tsawonsu tsakanin maikuromita 228 da 256.

Amma abin da ya warware maganar apiculata ba rayayyiyar ƙwaya ba ce, matacciya ce. A jikin mai rai koren launin yana cika gidan ya rufe duk abin da ke kan bango, ta yadda ƙaramar ƙaya a tsakiyar fuska ba za ta fito ba ko da tana nan. Idan ƙwayar ta mutu abin cikinta ya ruɓe, bangon yakan rage fanko, garau kamar gilashi, kuma a jikinsa ake ganin kowane ƙulli da kowace ƙaya. Sabon shiga yakan wuce irin wannan fankon yana neman kore mai kyan hoto, alhali masana shi suke farauta. A rana ta tara na sami rabin gida fanko, na ƙara ƙarfin na'ura zuwa ninki 400, na rage buɗin hasken ƙasa domin gefuna su fito, sannan na riƙa juya maɓallin daidaita gani a hankali daga saman bango zuwa ƙasansa, domin a wannan ƙarfin siririn sashe kawai ake gani sarai a lokaci guda. Na ga ɗan gajeren layi na ƙananan ƙayoyi a gefen babbar tsaga, da wasu 'yan kaɗan a gindin reshen ƙoli. Sauran fuskar a share take. Micrasterias apiculata kuwa fuskarsa cike take da ƙayoyi, reshen ƙolinsa ya fito sosai ya buɗe, da ƙaƙƙarfan ƙayoyi lanƙwasassu a kusurwoyinsa. Na ɗan taɓa gefen murfin gilashin da bakin allura domin fankon ya jirkita in gan shi ta gefe, ko wasu ƙayoyi sun ɓuya mini, amma babu. Kama da wane ba wane ba ne. Na ji zafin rabuwa da sunan, domin na so shi da gaske, amma bangon da ke gabana bai bar wurin musu ba.

Abin da ya rage shi ne Micrasterias fimbriata, sunan da masanin tsirrai ɗan Birtaniya John Ralfs ya bayar a littafinsa kan desmid na Birtaniya wanda ya fito a 1848. Wannan littafi yana da matsayi na musamman, domin dokar sanya sunayen tsirrai da gansakuka ta duniya ta ɗauke shi a matsayin mafarin sunayen desmid, wato duk sunan da aka bayar kafin 1 ga Janairu 1848 ba ya da ƙarfin doka sai an sake tabbatar da shi daga baya. Bayansa sai babban aikin William West da ɗansa George West, wanda juzu'insa huɗu suka fito tsakanin 1904 da 1912, na biyar kuma Nellie Carter ta kammala shi a 1923 bayan rasuwarsu. Har yau ana buɗe waɗannan littattafai saboda ingancin zanensu, kuma da na tsaya a kansu da na rubuta fimbriata na rufe littafina cikin kwanciyar hankali. Sai dai suna a wannan fanni ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa nake duba kowane suna a rumbun AlgaeBase, wanda Michael Guiry ya kafa a ƙasar Ailan a 1996, in kuma nemi abin da aka rubuta kwanan nan a kan nau'in.

A nan na tarar da abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Charles da ke birnin Firag, Jiří Neustupa da Jan Šťastný da Pavel Škaloud, sun gwada ƙwayoyin gadon samfura da dama da ake kira fimbriata, suka ga ashe zuriya biyu ce daban aka daɗe ana haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. A 2014 suka raba su a hukumance, ɗaya ta riƙe tsohon sunan Ralfs, ɗayar aka sa mata Micrasterias compereana domin girmama masanin gansakuka ɗan ƙasar Beljiyam, Pierre Compère. Abin da ya fi burge ni shi ne, bayan gwajin gado ya nuna rabuwar, sai aka ga ashe ido ma yana iya ganinta idan ya san inda zai duba. A jikin fimbriata na ainihi ƙarshen ƙaramin reshe a dunƙule yake, ƙayar kuma ta fito daga gare shi kwatsam kamar an soka ta. A jikin compereana reshen ne da kansa yake sirancewa sannu a hankali har ya zama ƙaya, ba a ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Fiye da shekaru 160 mutane masu kaifin ido suna kallon waɗannan siffofi biyu suna ɗaukarsu bambancin cikin gida ne kawai.

Na koma kan zanen da na yi a daren farko, kafin in san da wannan magana, kuma na yi farin ciki da na yi shi tun lokacin, domin hannuna bai san amsar da ake nema ba balle ya karkata zuwa gare ta. Rassan da na zana suna sirancewa ne a hankali. Na sake duba ƙwayoyi 14 ɗin da hotunansu ɗaya bayan ɗaya, na tarar 12 haka suke sarai, biyu kuma sun kwanta a karkace ta yadda ba zan iya dogara da su ba, sai na ware su gefe. Ruwan ma ya ba da tasa shaidar. Ma'aunin tsamin da na gwada a bakin kududdufin ya nuna pH 5.1, wato ruwa ne mai tsami, kuma compereana an fi danganta shi da fadamu masu tsami marasa taki, yayin da fimbriata ya fi son ruwan da tsaminsa bai kai haka ba kuma yake da ɗan ƙarin sinadarai. Mazauni shi kaɗai ba ya sa wa halitta suna, kuma kuskure ne a ce tunda ruwan kaza ne to lallai nau'in kaza ne, amma idan siffa da mazauni suka nuna hanya ɗaya, ƙarfin hujjar yana ƙaruwa.

Wannan rabuwa ta sa na sake tunani a kan abin da muke nufi idan muka ce nau'i ba a cika samunsa ba. Wani lokaci da gaske ne, domin mazauninsa ya ƙare, an zuƙe fadamun ko taki daga gonaki ya gangaro ya sauya ruwan. Wani lokaci kuwa ba a cika dubawa ba ne kawai, domin masu wannan aiki kaɗan ne, kududdufai kuma ba su ƙirguwa. Wani lokacin kuma nau'in yana nan a ɓoye a ƙarƙashin sunan wani, kamar yadda ya faru a nan, inda duk rahoton fimbriata da aka rubuta kafin 2014 ba tare da zane ko hoto ba ya zama ba a iya cewa wanne daga cikin biyun aka gani. Wannan ne ya sa nake ɗaukar rahoto marar hujja a matsayin babbar matsala. Masanin desmid ɗan ƙasar Holan, Peter Coesel, ya tsara wata hanya ta auna darajar ruwa ta fuskar kiyaye halittu bisa desmid da ke cikinsa, inda yawan nau'o'i da ƙarancin samuwarsu suke cikin abin da ake lissafawa. Idan haka ne, sunan nau'i mai wuyar samu da aka rubuta bisa kuskure ba ya tsayawa a littafin mai shi. Yana shiga jerin sunaye, wani ya kwafa, taswirar yaɗuwar nau'in ta gurɓata, kuma cire shi daga baya ya fi shigar da shi wuya nesa ba kusa ba.

Na ɗebi wani sashe na samfurin na raba shi gida biyu domin ajiya. Rabi na sa masa ruwan aidin na Lugol, wanda ke kashe ƙwayoyin nan take ya kuma rina sitacin da ke cikinsu ya yi duhu, sai dai duhun yana ƙara ɓoye adon bango. Ɗaya rabin na sa masa fomalin mai rauni, wanda ke kiyaye siffar bango shekaru da yawa ko da yake koren launin yana dusashewa, kuma sinadari ne mai cutarwa da ba a buɗe shi sai a wuri mai iska. A jikin kowace kwalba na rubuta ranar ɗiba, da wurin, da tsamin ruwan, da tsiron da aka matse.

A littafina na rubuta Micrasterias cf. compereana. Waɗannan haruffa biyu na tsakiya gajarcewar kalmar Latin ce mai nufin a gwada da, kuma masana suna sa su ne idan siffar ta dace da nau'i amma akwai sauran mataki kafin a tabbatar. Matakin da ya rage mini shi ne in ware ƙwaya ɗaya rayayya da bututu mai siririn baki, in wanke ta ta hanyar ratsa ta cikin ɗigon ruwa mai tsabta sau da yawa, in raine ta ita kaɗai har ta hayayyafa, domin a sami abin da za a gwada ƙwayoyin gadonsa. Kafin nan na tura zanen da hotunan fankon, tare da awon ƙwayoyi 14 ɗin, ga wani da ya fi ni daɗewa a wannan fanni, ban kuma gaya masa sunan da na kai gare shi ba. A cikin farantin da ke bakin taga koren fentin ya sake taruwa a gefen da haske yake, kuma a safiyar yau na ga ƙwayoyi biyu da ƙugunsu ya fara tsawaita.